Keken Doguwar Tafiya: Na Ƙarfe Nake So, Amma da Giya

Ranar da na shiga wani shagon kekuna a nan Jamus na ce ina neman wanda zai kai ni Biyana, babban birnin Ostiriya, daga garin Passau, tafiyar sama da kilomita 300 a gaɓar kogin Danube, sai mai shagon ya ɗago min wani keke da yatsa biyu don in ga rashin nauyinsa. Na kabon ne, wani sinadari marar nauyi da ba ƙarfe ba, kuɗinsa ya kusa cinye albashina na wata. Na ce to ina zan ɗaura kaya? Babu ko hujin da za a ɗaure kariya.

Nan na tuna keken Raleigh ɗin kawuna a ƙauyenmu. Baƙi ne, ƙarfe zalla, birkin sanda, sirdin fata da ya sha zama har ya yi sulɓi. Buhun gero ya ɗauka, jarkokin ruwa ya ɗauka, ranar kasuwa har da akuya a ɗaure a baya tana kuka. In taya ta yi faci, mai faci na nan gindin darbejiya. In ƙarfen ya tsage, mai walda ya liƙe shi kafin la'asar. Na kabon kuwa in ya tsage a hanya, tafiya ta ƙare ke nan.

A ganina mutanenmu sun daɗe da gane abin da matafiyi ke buƙata, wato keken da ke jure kaya kuma ake iya gyara shi ko'ina. Ba ni kaɗai ba ne a wannan ra'ayi. Bajamushen nan Heinz Stücke ya bar gida a 1962 a kan keken ƙarfe mai giya uku kacal, ya shafe shekara hamsin yana zaga duniya.

Amma gaskiya ɗaya ce, keken kawu ba shi da giya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu wannan ba komai ba ne. Ka gwada hawan tudun kudancin Jamus da jakunkuna huɗu, gwiwarka za ta ba ka labari. Giya mai laushi, wadda za ka riƙa murza feda a hankali kana hawa, ita ce abin da Turawa suka fi mu da shi, kuma ita ce ta cancanci kuɗinka. Sai wili mai waya 36 da taya mai kauri. Sirdi kuma kada ka saye shi yau ka kama hanya gobe, na yi wannan wautar, kwana biyu ina cin abinci a tsaye.

Ƙarshe dai na hannu na saya wajen wani dattijo, na ƙarfe, fentinsa duk ya kwaile. Na sauya sarƙa da tayoyi, na ɗaura masa kariya gaba da baya. Kwana biyar muka yi da shi zuwa Biyana, faci ɗaya, shi ma da hannuna na liƙe a bakin kogi.