Yadda na aske ƙafafun tebur har ya koma na yara

Ciwon baya ne ya jawo mini. Shekara biyu ina 'yan aikace-aikacen katako a ɗakin ajiyar kayanmu, a tsugune, gwiwa ɗaya a kan falanki, zarto a hannu, kayan aikin kuwa duk suna cikin wani tsohon bokiti. In ina neman kurfi sai na zazzage bokitin gaba ɗaya. Ranar da na miƙe bayana ya yi ƙara kamar an karya kara, a nan na rantse sai na ƙera wa kaina teburin aiki da kabad na jera kaya, irin na manyan kafintoci.

Na zauna na zana. Tsawo santimita 150, faɗi 60. Tsayin kuwa akwai ƙa'idarsa: mutum ya tsaya a miƙe ya saki hannu, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan saman tebur zai kai. Nawa ya kama 88. Ku riƙe wannan lamba, za mu yi ban kwana da ita nan gaba.

Kafin in fara awo na lura ɗan ƙugiyar nan ta bakin tef ɗin awo tana motsi, gaba da baya. Na girgiza kai, na ce kayan yanzu ba aminci. Na ɗauko hama na daddake ƙusoshinta har ta tsaya cak, ina jin kaina mutum mai lura da abin da wasu ba sa gani. Sai na shimfiɗa dogon katako guda, na zana layin ƙafafu huɗu a jere, 88, 88, 88, 88, na kunna zarton lantarki na bi layi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne bakin zarto ma yana da cikinsa. Duk yanka ɗaya yana cinye kusan milimita 3 ya mai da shi gari. Wani layin na bi ta damansa, wani ta hagunsa, wani ta tsakiya. Da na jera ƙafafun a jikin bango sai ga su kamar 'yan uwa huɗu da aka haifa shekara bi shekara.

Na ce ba komai, wa zai ga milimita uku.

Haɗawa ma da nata labarin. Gam ɗin katako yana fara kamawa cikin minti goma ko ƙasa da haka, ni kuwa na shafe duk mahaɗai takwas a lokaci guda, sannan na tuna ƙarfen matse katako biyu kacal gare ni. Sauran na ɗaure da igiyar shanya, ɗaya kuma na zauna a kai. Da na tashi tashi, wandona ya ce shi ya samu wurin zama.

Washegari na kifa teburin a kan ƙafafunsa. Wallahi ya yi kyau. Na kira uwargida ta zo ta gani. Ta ɗora yatsa ɗaya a kusurwa, tebur ya ce ƙwas. Ta ɗaga, ya ce ƙwas ya koma.

"Baban yara, ai rawa yake yi. Bari in ninko maka kwali ka sa a ƙarƙashi."

Kwali! A ƙarƙashin teburin da na kwana biyu ina zanawa? Na ce mata ta bar wa masu sana'a sana'arsu. Ta ce to, ta fita, irin "to" ɗin nan da mutum ke jin sauran maganar a bayanta.

Tebur mai ƙafa uku ba ya rawa ko a kan dutse aka ajiye shi, domin ƙafa uku duk inda suka sauka sun daidaita. Ta huɗun ce mai rigima. Don haka na kwantar da teburin, na rage kaɗan daga ƙafar da na ga ta fi tsawo, na tayar. Rawa ta koma ɗaya kusurwar. Na kwantar, na rage waccan, na tayar. Ta dawo inda ta fito. Abin da ya fi ba ni haushi, wani lokacin sai ya tsaya daram, in yi murmushi, in ɗan ja shi kusa da taga don in sami haske, sai ya ci gaba da kaɗa kai kamar yana jin kiɗa. Sau biyu zuciya ta ɗebe ni na ce a koma farko, na datse duka huɗun da faɗin tafin hannu. Garin gyaran gira dai. Kafin rana ta faɗi garin katako ya kai mini idon sawu, teburin kuma ya dawo santimita 71.

Ƙarar zarton ce ta jawo maƙwabcinmu, dattijon da ya tsufa a kafinta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi teburin, ya dubi gutsattsarin ƙafafu a ƙasa, ya ce, "Ɗana, na 'yan makaranta kake yi?"

Na ce, "Baba, katakon ne ba shi da kirki."

Bai amsa ba. Ya ɗauki lebur ɗina, ma'aunin nan mai ɗan kumfa a ciki da ke nuna ko wuri ya daidaita, wanda tun da na saya ban taɓa ɗora shi a kan komai ba sai saman tebur, ya ajiye shi a kan simintin ɗakin. Ɗan kumfan nan ya ruga gefe guda kamar an kore shi. Ya matsar da shi taku ɗaya, kumfan ya ruga ɗaya gefen. Daɓen ɗakin ne duk tudu da kwari. Yini guda ina yi wa tebur aski a kan laifin ƙasa.

Yana shirin fita idonsa ya faɗa kan tef ɗina. Ya taɓa ƙugiyar, ya ji ta ƙame. Ya tambaya wane mugu ne ya yi wannan. Na ce haka yara suke, ba sa barin kayan mutum. Ya ce da gangan ake barinta tana motsi, daidai kaurin ƙarfenta, wajen milimita ɗaya, don awo ya zo ɗaya ko an maƙala ta a bakin katako ko an tokara ta a cikin akwati. Ya ce yaron da ya yi wannan yana da ƙarfin hannu. Na ce sosai.

Kabad ɗin na yi shi da filawud mai kaurin milimita 18, kuma a nan na nutsu. Na auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, awo ya zo daidai, alamar akwatin bai karkace ba. Na yi durowa huɗu, kowace ta shiga raminta cif, ko takarda ba za ta ratsa ba. Sai da na buɗe ledar ƙarafunan da durowa ke gudu a kai na karanta cewa kowane gefe yana son a bar masa rabin inci, wato milimita 12.7. Durowa huɗu, na sake su daga farko.

Da aka gama, na jera hama da kurfi da injin huda da gwangwanayen ƙusa a durowar sama, don kada in riƙa sunkuyawa. Na sake kiran uwargida. Na jawo ta farko, na jawo ta biyu, ina bayani. Ina jawo ta uku kabad ya sunkuyo gaba cikin ladabi kamar zai gaishe ta, ya juye mini komai a kan ƙafa. Yanzu masu nauyi suna ƙasa, kabad ɗin kuma an ɗaure shi da bango da sukuru huɗu.

Teburin kuwa ɗana ɗan shekara tara ya gwada shi ya ga daidai shi, ya kwaso littattafansa ya tare. Ni ina gefe a tsugune, gwiwa a kan falanki, ina yanka ƙafafun sabo. Jiya yaron ya yi ƙorafin teburin yana motsi in yana rubutu. Uwarsa ta shigo, ta ninka kwali biyu ta tura a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ta ɗora yatsa a kusurwa, shiru. Sauran kwalin ta ajiye kusa da ni, ta ce na sabon ne.