Shekarar jinyar Hajiya, wai giɓi ce

A makon jiya na je ganawar neman aiki a wani gidan kula da tsofaffi a gefen Birmingham. Ɗakin ƙarami ne, an shimfiɗa masa kafet mai ruwan toka, na'urar ɗumama ɗaki tana huci a jikin bango, ga kofin shayi da madara mai sanyi da aka ajiye mini tun kafin in zauna. Matar da ke tambayar tana da fara'a, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta bi takardar tarihin aikina da biro layi-layi, sai ta tsaya, ta zagaye wani wuri, ta ce, "Akwai giɓi a nan, sama da shekara. Me kike yi?" Na ce jinyar mahaifiyata na yi a Zariya har Allah Ya yi mata rasuwa. Ta jajanta mini da murya ƙasa-ƙasa, sannan ta ce ko ina da wata takarda da za ta nuna haka.

Takarda! Wa ke rubuta wa ɗiya takarda don ta kwana a kan tabarma a gefen gadon uwarta?

Ban ga laifin matar ba, doka ce ta ɗaure ta. Ƙa'idojin 2014 da hukumar CQC ke bi wajen sa ido kan gidajen tsofaffi da asibitoci a Ingila sun wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya samu cikakken tarihin aikinsa, da bayani a rubuce kan duk lokacin da ya zauna ba aiki. Ga binciken DBS da ke duba ko mutum ya taɓa aikata laifi, ga wasiƙun shaida daga inda ya bari. Kuma suna da dalili. A 2011 BBC ta ɗauki hoto a ɓoye a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol, duniya ta ga yadda ma'aikata ke azabtar da masu lalurar da aka ba su amana. Wanda ya ga wannan ba zai ce a daina bincike ba. Mu ma da muna tantance wanda muke bar wa yara da tsofaffi haka, da an rage ɓarna.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ƙasar nan ba kowane giɓi ake tuhuma ba. Yaro zai gama jarabawar ƙarshe ta sakandare yana da shekara 18, ya nemi jami'a ta hanyar UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, ya roƙi a jinkirta masa shiga da shekara guda, a amince. Ya ɗauki ƙatuwar jakar goyo ya tafi Tailan ko Ostareliya, ko ya je Gana ya yi wata biyu yana fentin aji, ya dawo da hotuna da fatar da rana ta ƙona. Wannan shekarar hutu suna da ita a al'ada, har Yarima William ya yi tasa a 2000, ya je Chile aikin sa kai, ƙanensa Harry kuma ya je Ostareliya da Lesoto. Idan irin wannan yaro ya zo neman aiki, shekarar ado ce a takardarsa, ana cewa ya ga duniya, ya koyi tsayawa da ƙafarsa. Ni da na koyi juya mara lafiya kada bayanta ya yi gyambo, na koyi auna sukari da ba da magani kan lokaci, wato ainihin aikin da nake nema, tawa shekarar ce ke buƙatar hujja.

Kuma wane ɗan Najeriya ne takardarsa ba ta da rami? Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Ga jiran kiran bautar ƙasa. Ga mace da ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ko ta je wankan gida bayan haihuwa. A gida ba mai tambaya, domin unguwa duk ta san inda kake, ita ce shaidarka. A nan sai abin da kwamfuta ta sani. Baturen da ya zauna jinyar uwarsa awa 35 ko fiye a mako yana iya karɓar alawus ɗin masu jinya daga gwamnati, sunansa ya shiga rajista, ga hujjarsa a hannu. Tamu jinyar ba ta bi ta ofis ba, don haka kamar ba a yi ta ba.

Wata yaya da muke haɗuwa a masallaci ta ce mini, "Ƙanwata, in kin je gari kin ga kowa da wutsiya, ke ma nemi ki ɗaura. Rubuta musu bayanin kawai." Na rubuta, layi uku, na sa hannu. Gaskiyarta ce.

Sai dai tun ranar hankalina ya koma kan Baba. Ya haura saba'in, ƙafa ta fara ba shi wahala. Bizar da yawancinmu muke kanta a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki, kuma idan ka yi fiye da mako huɗu a shekara ba ka aiki ba a biyanka, yana iya janye hannunsa daga kanka. Mai neman zama na dindindin kuma ba a so ya wuce kwana 180 a wajen ƙasar cikin wata 12. Dokar hutun masu jinya da ta fara aiki a 2024 mako guda ta ba ma'aikaci a shekara, shi ma ba albashi. Mako guda! Daga nan zuwa Abuja ko Kano, a hau mota zuwa Zariya, a gaisa da 'yan dubiya, kwanakin sun ƙare.

Kullum ina ganin tsofaffin nan a kujerunsu masu laushi, an yi musu wanka, an taje musu kai, magani ba ya wuce lokacinsa, wasu kuma sai ranar Lahadi ɗa zai leƙo da furanni ya yi rabin awa. A da ina cewa a raina mu ba za mu taɓa yin haka ba. Yanzu ni ce ke kiran Baba ta WhatsApp bayan sallar isha'i, ina tambayar ƙanena ko ya sha maganinsa, ina tura kuɗi a sayo masa sandar dogarawa.