Dole Ƙanwar Na-Ƙi: Gawa, Ɗan Sanda da Bazawara a Labaran Soyayyar Ingila ta Da

Wanda ya karanta biyu ko uku daga cikin littattafan soyayya da binciken kisa da ake ɗorawa a Ingila ta da zai iya faɗa maka yadda na huɗu zai fara tun bai buɗe bangonsa ba. Birnin Landan ne a ƙarni na 19, dare ya raba, hazo ya cakuɗe da hayaƙin kwal har fitilun titi sun zama na ado. An tsinci gawa a gidan wani mai hannu da shuni. Wadda ta fara cin karo da gawar 'yar manyan mutane ce, galibi bazawara, mai kaifin ido da kaifin harshe. Wanda hukuma ta turo bincike kuwa ɗan talakawa ne, takalminsa duk taɓo, kuma ba ya son a koya masa aikinsa. Ita tana ganin ba shi da tarbiyya, shi yana ganin ta cika shisshigi. Kowa ya rantse ba zai haɗa hanya da ɗaya ba. Kafin a kai shafi na 300 sun gano wanda ya yi kisan, kuma duk su biyun barci ya ƙaurace wa idonsu saboda tunanin juna.

Marubutan yau ne ke rubuta su, akasarinsu mata daga Amurka da Birtaniya, kuma sukan fito jeri-jeri, littafi na bin littafi da taurari guda. Masu suka na cewa tatsuniya ɗaya ce ake ta canza mata riga. Da gaskiyarsu, amma wannan bai dame ni ba, don ko Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa canza hali ba kuma ba mu gaji da su ba. Abin da nake dubawa guda ne: mene ne dalilin ƙin? Idan wannan "na ƙi" tana da saiwa a zamanin da aka ɗora labarin, littafin zai tsaya da ƙafarsa. Idan kuwa taurin kai ne kawai marubuciya ta liƙa wa mutum biyu don ta cika shafuka, to an ci kuɗin mai karatu a banza.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. Tarihin Ingila na wancan lokaci cike yake da dalilan da za su sa matar babban gida ta ƙi yarda da ɗan sanda. Sai a 1829 ministan cikin gida Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, kurtu na ɗaukar sule 21 a mako, albashin da bai kai abin da wasu manyan gidaje ke kashewa a cin dare guda ba. Mutanen ƙasar sun daɗe suna ƙyamar ɗan sandan da ba ya sa kayan sarki, suna ganinsa ɗan leƙen asiri irin na Faransa, shi ya sa sai a 1842 aka buɗe sashen 'yan sandan ciki, da mutum 8 kacal ga birni sukutum. A 1877 aka gurfanar da wasu manyan jami'an wannan sashe bisa karɓar na goro daga hannun 'yan damfarar tseren doki, abin kunyar da ya tilasta aka rushe sashen aka sake gina shi a 1878. In ɗan sanda ya zo gidan masu kuɗi, ta ƙofar baya yake shiga, inda mai kawo nama da mai kawo kwal ke bi. To, mace da aka raina a kan cewa irin wannan mutum tsaransa barorin gida ne, ka ce ta zauna ta buɗe masa sirrin danginta?

Akwai wata shari'a ta gaskiya da nake ganin duk mai son rubuta irin wannan labari ya kamata ya san ta kamar sunansa. A watan Yuni na 1860 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 3 kisan gilla a wani babban gida da ke ƙauyen Road, yammacin Ingila. Gida a kulle, saboda haka mai laifin na ciki ne. Scotland Yard, wato hedikwatar 'yan sandan Landan, ta aika Jonathan Whicher, ɗaya daga cikin mutum 8 na farko, wanda ubansa mai aikin lambu ne. Bai daɗe ba ya lura wata rigar barci ta ɓace daga kayan wanki, ya kuma ɗora zarginsa a kan Constance Kent, 'yar shekara 16, yayar yaron da suka haɗa uba. Sai ƙasa ta ɗauki zafi. Jaridu suka yi masa caa, wai wane shi, ɗan talaka, da zai riƙa bincike cikin kayan sawar 'yar mutunci. Kotu ta sake ta, sunansa ya ɓaci, bayan 'yan shekaru ya ajiye aiki. A 1865 Constance da kanta ta amsa laifin a gaban wani limamin coci a Brighton, aka yanke mata hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai-da-rai, ta yi shekara 20 a kurkuku. Whicher ya faɗi daidai tun farko, matsayinsa ne ya kayar da shi. Saboda haka idan jarumin labari ya ga 'yar babban gida ya haɗe rai, ba girman kai ba ne kawai. Ya san in abu ya ɓaci ita za ta koma falonta, shi kuwa tuwonsa ne zai zube.

A nan ne dole ke shigowa. Shi yana da sammaci, ya san lungunan gabashin Landan, ya san masu sayen kayan sata da masu gidajen giya, amma ba zai taɓa jin abin da ake raɗawa a wurin shan shayin mata ba. Ita kuwa ba ta da ikon kama ko da ɓera, ba za ta iya fita ita kaɗai da dare ba tare da sunanta ya shiga bakin duniya ba, amma ta san wacce ke bin wacce bashi, wa aka fasa aurensa da wa, kuma kuyangar da ke gyara mata gashi ta fi kowace jarida labari. A ƙarshen mulkin Sarauniya Biktoriya mata fiye da miliyan guda ne ke aikatau a gidajen Ingila, suna ganin komai, ana ɗaukarsu kamar kujeru. Zamanin ya raba sani gida biyu, ya ba namiji rabi ya ba mace rabi, sannan ya hana su zama a tabarma ɗaya. Gawa ce ke tilasta musu zama.

Kada wani ya ce mace mai bincike ƙirƙirar marubutan yau ce. A 1856 wata matashiyar bazawara mai suna Kate Warne ta shiga ofishin Allan Pinkerton, mai kamfanin bincike a Chicago, ta nemi aikin bincike, hujjarta kuwa ita ce mace na iya ƙulla ƙawance da matan waɗanda ake zargi ta ji abin da namiji ba zai ji ba. Ya ɗauke ta. A 1861 tana cikin waɗanda suka ratsa da zaɓaɓɓen shugaban Amurka Abraham Lincoln ta birnin Baltimore a ɓoye lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin shirin kashe shi. Amma wannan kamfani ne mai zaman kansa, kuma a Amurka. 'Yan sandan Landan ba su fara fitar da mata sintiri ba sai a 1919. Don haka jarumar da ke bincike a Landan ta 1870 tana yi ne ba da izinin kowa ba, kuma marubuciyar kirki ba ta barin mai karatu ya manta da hakan.

Me ya sa kullum bazawara? Na daɗe ina ɗauka son rai ne na marubuta, ashe doka ce. A dokar Ingila ta lokacin, da zarar mace ta yi aure dukiyarta ta koma ƙarƙashin ikon miji, sai fa in danginta masu wayo ne suka damƙa dukiyar amana a hannun wasu tun kafin ɗaurin aure. Sai a 1870 aka yarje mata ta riƙe abin da ta samu da guminta, sai kuma a 1882 ta sami cikakken ikon mallaka. Mai karatu Bahaushe da ya tashi ya ga sadakin mace da gadonta nata ne, ko miji bai isa ya taɓa ba sai da yardarta, zai yi mamakin wannan, amma haka abin yake. Saki ma kafin 1857 sai da dokar majalisa ta musamman, bayan nan kuma miji zina kaɗai zai tabbatar, mace kuwa sai ta haɗa da wani laifin kamar azabtarwa ko guje mata. Budurwa tana hannun uba, matar aure tana hannun miji. Wadda mijinta ya mutu kuwa tana da kuɗinta, da makullin gidanta, da 'yancin hawa keken doki ta tafi inda ta ga dama. Ka ga kenan ita ma ƙin nata ba yanga ba ce. Son wannan mutum na iya raba ta da abin da sai da aka yi mutuwa ta same shi.

Wani abin da ke sa soyayya da bincike su dace da juna a wannan zamani shi ne ƙarancin kayan aiki. Scotland Yard ba ta buɗe ofishin zanen yatsa ba sai a 1901, kuma sai a 1905 aka fara rataye masu kisa a Ingila bisa wannan shaida. Gwajin gano gubar asenik a jikin gawa, wanda James Marsh ya fito da shi a 1836, na daga cikin 'yan dabarun kimiyya ƙalilan da ake da su. Saura duk karatun mutum ne: wa ya kawar da kai, wa muryarsa ta yi rawa, wa ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. To, ai masoyi ma aikinsa kenan. Mutumin da ya ƙware wajen gane mai ɓoye laifi, ga shi gaban mace mai ɓoye wani abu, bai sani ba ko wuƙa ce ko zuciya. Littattafan da suka fi burge ni su ne waɗanda suka bar wannan zargi da rai har kusan ƙarshe, inda jarumin ke sonta alhali sunanta na nan cikin jerin waɗanda yake tuhuma a ɗan littafin aljihunsa.

Marubutan soyayya na Kano da masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad sun san wannan dabara ta wata fuskar. Su auren haɗi ne ke kulle mutum biyu da ba sa ga-maciji a gida ɗaya har ƙiyayya ta narke. Abin da na ga gawa ta fi auren dole shi ne tana ba su aikin yi. Maimakon babi 20 na harara da gaba, sai ka ga suna gardama kan sa'ar da aka kashe kyandir, tun ba su ankara ba kowa ya fara girmama basirar ɗaya. So da ya bi ta ƙofar girmamawa ya fi shiga kaina.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma ba kaɗan ba. Da yawa daga cikin waɗannan jarumai matan wannan zamani ne aka sa wa doguwar rigar da. Za ta kwana tana yawo da namijin da ba muharraminta ba a unguwar 'yan daba, gari ya waye ta koma liyafa ba wanda ya ɗaga mata gira. In babu abin da za ta rasa, ina jarumtar take? Na biyu ya fi ba ni haushi: a littafi na uku ko na huɗu sai kawai a gano ashe ɗan sandan nan ɓataccen ɗan wani basarake ne da aka sace tun yana jariri. Wannan maguɗi ne. An gina labari kacokan a kan katangar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, da aka zo wurin tsallakewa sai aka ce ai da ma babu katanga. Whicher bai sami wannan gata ba, ɗan mai lambu ya rayu, ɗan mai lambu ya mutu.

Sai kuma shirun da ake yi game da inda kuɗin waɗannan gidaje ya fito. Lokacin da Birtaniya ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, fam miliyan 20 ta ware diyya, kuma iyayen gijin bayin aka biya, bayin ko anini ba su gani ba. Wani kaso na wannan kuɗi, da na Indiya, da na rake, shi ya shimfiɗa dardumar da gawar ke kwance a kai. Jarumai biyu da ke iya gano ɗigon guba a ƙasan kofin shayi, amma ba su taɓa tambayar asalin sukarin da ke ciki ba, ni dai ban yarda da kaifin idonsu ba gaba ɗaya. Wasu marubutan sun fara taɓo wannan, kuma labaransu sun fi nauyi.

Matsalar ƙarshe ta marubutan ce da kansu, kuma ina tausaya musu. Injin labarin shi ne ƙi, mai karatu kuwa aure yake jira. In aka ɗaura auren da wuri, jerin ya mutu. In aka yi ta jan rai har littafi na goma, mai karatu ya gaji ya watse. Na ga waɗanda suka aurar da su sannan suka ci gaba, sai dai gardamar ta koma irin ta miji da mata kan wa ya ajiye makulli. Ni abin da nake yi yanzu, da na ɗauki sabon littafi sai in duba shekarar da aka rubuta a saman babi na farko. In na ga 1885, na san in ta ce "na yarda" gidanta na nan a hannunta. In kuwa na ga 1865, sai in gyara zama in ga ko marubuciyar za ta bari jarumarta ta zauna da lauya ta lissafa abin da wannan kalma za ta ci mata kafin ta furta.