Me ya sa muke raina gamba da kyasuwa a gidajenmu?

Jama'a, duk wanda ya gina sabon gida a Katsina yanzu, ɗayan biyu yake yi wa farfajiyarsa. Ko ya rufe ta kaf da intalok, in bazara ta kama ƙasa ta yi ta huci har bayan isha'i, ko ya sayo ciyawar kafet ya shimfiɗa. Mai kafet ɗin nake tausayawa. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran wata takwas kuwa sai ban ruwa safe da yamma, a garin da maƙwabcinka ke jiran mai kura da jarkoki. Ya yi tafiyar mako biyu, ya dawo ya tarar ta ƙone.

Alhali ga ciyayinmu a bakin hanyar Daura da ta Dutsin-Ma, ba mai kula su sai Allah. Ku dubi kyasuwa a watan Oktoba da la'asar, kawunanta masu laushi sun yi ja-ja, iska na kaɗa su. Wallahi ban ga fulawar da ta fi ta kyau a wannan lokacin ba. 'Yar uwarta ta nan Afirka ce ake sayarwa a tukwane a Turai da Amurka don ado. Akwai wani mai tsara lambu ɗan ƙasar Holan, Piet Oudolf, wanda ya yi suna da ciyayi da tsirran da ke sake tohowa duk shekara. Shi ya tsara shuke-shuken High Line, tsohon layin dogo da aka mayar wurin shaƙatawa a birnin New York a 2009, kuma yakan bar ciyawa tsaye ko ta bushe, don bushewar ma ado ce. Mu kuwa da ta fara tsayi sai a kira yaro da lauje.

Kyasuwa iri take zubarwa ta sake fitowa. Gamba ita ce mai zama: gindinta na nan da rai duk rani, da an yi yayyafin farko ta toho, ta wuce tsayin mutum kafin kaka. A jera ta gindi-gindi ta yi maka shinge. Jema kuma saiwarta kan nutsa mita biyu zuwa uku, shi ya sa take riƙe ƙasa inda ruwan indararo ke zaizaya. A haɗa su da kariya, wadda ke fitar da jan fure a tsakiyar rani ba ko ganye a jikinta, da tsiron moda mai dogayen ganye masu kauri a gefen inuwa, da lalle a bakin katanga. Wanda ya taɓa kwana kusa da lalle mai fure ya san ƙamshin da nake nufi.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce: macizai. Gaskiyarsu, kuma gobara ma abin tsoro ce. Gambar da aka kai Ostireliya don kiwo ta bazu a arewacin ƙasar, yanzu ita ke rura musu wutar daji. Amma ba cewa na yi a bar gida ya zama jeji ba. A dasa ta tsibi-tsibi, a bar fili tsakani a zuba tsakuwa yadda za a ga ƙasa, a nisanta ta da madafa da janareta da tagar ɗaki. Kariya kuma ruwanta dafi ne, kada a sa ta inda yara da awaki ke kai hannu da baki.

Roƙona ga masu sayar da fulawa: ku fara raba gindin gamba da jema a leda, a samu na dasawa a watan Yuli lokacin da ƙasa ta jiƙa sosai. Mai gida ya yanke gambar da hunturu ya bar kamar taƙi ɗaya, karan ya ba masu saƙa zana.