Tseren da ya fi kowane tsere tayar da hankali ne suka ajiye a gefe

Duk wanda ya duba jerin wasannin sabuwar gasar nan ta World Athletics Ultimate Championship, ta hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya (World Athletics), wadda aka tsara yi a Budapest a Satumban 2026, zai nemi tseren tsallake shinge da ruwa na mita 3,000 ya rasa. An ware dala miliyan 10 don rabawa, kowane zakara zai tafi gida da dala 150,000, amma masu wannan tsere, maza da mata, an ce su zauna su yi kallo. Dalilin da ake bayarwa shi ne wanda muka saba ji: lokacin talabijin kaɗan ne, dole a zaɓi abin da zai riƙe 'yan kallo. Ni dai ban yarda ba, kuma ban ga yadda mutumin da ya kalli wasan ƙarshe na Tokyo zai yarda ba.

A tuna abin da ya faru a gasar duniya a Tokyo ranar 15 ga Satumban 2025. Soufiane El Bakkali na Maroko ya shiga fili da zinare huɗu a jere: Olamfik biyu, gasar duniya biyu, Eugene a 2022 da Budapest a 2023. Kowa ya ɗauka na biyar yana aljihunsa. Geordie Beamish na New Zealand kuwa da ƙyar ya kai wasan ƙarshe, don a zagayen share fage ya faɗi, wani ɗan tsere ya taka masa fuska, ya miƙe ya bi sahu. Lokacin da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe yana can baya cikin cunkoso. Filin ya ɗauki ihu saboda ɗan gida Ryuji Miura yana cikin na gaba. Aka tsallake ruwa na ƙarshe, aka tsallake shinge na ƙarshe, El Bakkali ya miƙe kamar an gama, sai ga Beamish ta gefe ya sha gabansa a kan layi. Minti 8 da daƙiƙa 33.88, shi kuma El Bakkali 33.95. Na uku yaro ne ɗan shekara 17 daga Kenya, Edmund Serem. Wane tsere ne a wannan mako ya fi wannan tsayar da numfashin mai kallo?

Kuma ba a Tokyo aka fara ba. A Doha a 2019, Conseslus Kipruto na Kenya da Lamecha Girma na Habasha sun faɗa kan layi tare, sai da aka koma ga hoton na'ura kafin a san Kipruto ne, da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, bayan gudun kilomita uku. A Olamfik ɗin Paris a 2024, Girma, mai riƙe da tarihin duniya na 7:52.11, ya ci karo da shinge a zagayen ƙarshe, ya bugu da ƙasa, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata.

Masu cewa tseren ba ya jan hankali kamar ba su san yadda aka gina shi ba. Shingen da ke cikinsa ba irin na mita 110 ba ne da ake bugewa ya kife. Katako ne mai nauyi, tsayinsa santimita 91.4 ga maza, wanda ya buge shi, shi ne zai faɗi, katakon yana nan tsaye. Sau 28 ake tsallake shi, sau 7 kuma a tsallaka ramin ruwa mai tsawon mita 3.66, ƙafa ta jiƙe, takalmi ya yi nauyi, ga mutum goma sha a gefenka suna tare maka gani, har sai shingen ya zo gabanka kafin ka hango shi. Duk wannan cikin minti takwas da 'yan kai. In har minti takwas ne ya gagari hukumar da ke shirya gasa ta kwana uku, to matsalar ba ta lokaci ba ce.

Wasu na cewa ai tseren mallakin Kenya ne, an san wanda zai ci tun kafin a busa. Wannan magana ta tsufa: rabon ɗan Kenya namiji da zinare a Olamfik ko gasar duniya tun 2019. Amma ko da a ce haka take, yaushe ƙwarewa ta zama laifi? Babu wanda ya ce a cire mita 100 lokacin da Usain Bolt yake cinye kowa. Daga 1991, shekarar da Moses Kiptanui ya ɗauki na farko cikin zinarensa uku, har zuwa 2019, duk namijin da ya ci wannan tsere a gasar duniya haifaffen Kenya ne, har da Saif Saaeed Shaheen da ya ci wa Qatar a 2003 da 2005. Ezekiel Kemboi shi kaɗai ya ɗauka sau huɗu, yana gamawa ya taka rawa a fili. A Beijing a 2015 'yan Kenya ne na ɗaya har zuwa na huɗu. Da a ce wata ƙasa ce ta kafa irin wannan tarihi, da an mayar da tseren abin tallata gasa.

Nan ne abin ya fi ɓata mini rai, domin wannan ba shi ne karon farko ba. A ƙarshen 2019 gasar Diamond League, jerin wasannin guje-guje da ake yi duk shekara, ta cire wannan tsere daga manyan wasanninta tare da mita 200 da jifan faifai da tsalle uku, don shirin ya shiga cikin minti 90 na talabijin. Sai da 'yan wasa suka tayar da jijiyar wuya, suka kafa ƙungiyarsu, kafin a mayar da shi a 2021. Shekara kaɗan bayan haka an sake yin abu ɗaya, wannan karon a gasar da ta fi kowacce kuɗi. Duk lokacin da za a rage kaya, sai a fara da tseren da 'yan Kenya da Habasha da Maroko da Uganda ke ci da iyalansu da shi. Yaron da ke atisaye a tsaunukan Iten na Kenya yana lissafi kamar kowa. Idan ya ga kuɗi na gudun titi ne, zai bar shinge ya koma titi, sannan waɗanda suka toshe masa hanya su dawo suna cewa tseren ya rasa taurari.

Sebastian Coe, shugaban World Athletics, tsohon ɗan tseren matsakaicin zango ne, ya san wahalar zagayen ƙarshe fiye da kowa a ofishinsa, don haka ba shi da uzurin rashin sani. Hukumomin wasanni na Kenya da Habasha da Maroko su daina gunaguni a gida, su haɗa kai da hukumar Afirka su kai maganar gaban majalisar World Athletics. Ko a mayar da tseren cikin jerin, ko a riƙa juya wasannin daga gasa zuwa gasa yadda ba kullum mutane ɗaya ne za a bari a waje ba.