"Sanyi" ba sunan cuta ɗaya ba ne: a shuka fitsari kafin a ƙara wata allura

Mace za ta fara jin raɗaɗi idan tana fitsari, ta yi ta zarya banɗaki, mara na ɗaure mata. Ta je kemis a ba ta Septrin ko Ampiclox. Bai yi ba, a sauya mata da cipro. Shi ma bai yi ba, sai a ce sanyin ya yi ƙarfi, a ɗora ta a kan allurar ceftriaxone. Wata biyu ana wannan jeka-ka-dawo, kuɗi sun tafi, kuma har yanzu babu wanda ya duba fitsarin nata ya ga wace ƙwaya ce ke ciki. Mu a ganinmu, wannan harbi cikin duhu shi ne babban abin da ke sa ciwon mafitsara ya gagari magani a garuruwanmu, ya fi ƙarancin magungunan kansu illa.

Matsalar ta soma ne daga suna. Kalmar "sanyi" ta zama buhun da ake zuba komai: ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, tsakuwar ƙoda, kumburin furostet ga dattawa, har da tsargiya. Yaron da ke wanka a kududdufi ko aiki a fadamar shinkafa, jini na biyo ƙarshen fitsarinsa, praziquantel yake buƙata, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyinsa. Ko katan guda na cipro ya shanye, tsutsar na nan daram. Kowane antibayotik da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana kashe ƙwayoyin hanji masu rauni, ya bar masu taurin kai su yaɗu.

Daga hanjin kuwa ciwon ke tasowa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ciwon mafitsara na yau da kullum ƙwayar E. coli ce ke jawo shi, sai Klebsiella da Proteus su biyo baya. Da yawansu yanzu suna fitar da wani sinadari da ake kira ESBL, wanda ke farfasa ceftriaxone da danginsa tun kafin su taɓa ƙwayar. Abin takaicin shi ne, ƙwayar da ke da wannan makami sau da yawa tana ɗauke da kariya daga cipro da Septrin da gentamicin a lokaci guda, kuma tana iya miƙa wa maƙwabciyarta wannan kariya. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000.

Mafita ita ce gwajin da ma'aikatan lab ke kira kalca: a shuka fitsari a faranti, a ga abin da ya tsiro, a gwada shi da magunguna ɗaya bayan ɗaya. Tsinken gwajin da ake tsomawa a fitsari yana da amfani, amma iyakarsa ya nuna alamar ciwo, ba ya faɗin maganin da zai ci. Ba lallai ne a yi wa kowace mace kalca a karon farko ba. Amma wajibi ne ga mai juna biyu, da namiji, da ƙaramin yaro, da mai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, da mai robar fitsari, da wanda bai ji sauƙi ba bayan kwana biyu yana shan magani, da wanda ciwon ya dawo masa sau biyu cikin wata shida.

A nan ne ake yawan ɓata aiki, domin sakamako ba ya fin samfurin da aka kawo kyau. A ɗebi fitsari kafin a haɗiyi ƙwaya ko ɗaya. A wanke hannu, a wanke gaba da ruwa zalla, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da lab ta bayar, ba tsohuwar kwalbar magani da aka ɗauraye a gida ba. Ya isa lab cikin awa biyu. In ba zai yiwu ba, a sa shi a firiji, kada ya wuce awa 24. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, E. coli na iya ninka kanta cikin kusan minti ashirin, don haka fitsarin da ya yini a aljihu zai ba da sakamakon ƙarya. Mai robar fitsari kuma ba a ɗiba daga jakar. Idan robar ta haura mako biyu, a canza ta tukuna, sannan a ɗiba daga sabuwar. Sakamako na ɗaukar kwana biyu zuwa uku.

Karanta takardar ma sai da lura. Idan ƙwayoyi iri uku suka tsiro tare, galibi samfurin ne ya gurɓata, a sake. Haka yawancin "staf" ɗin (ƙwayar Staphylococcus) da ake tsoratar da ma'aurata da shi, har masu maganin gargajiya suka mayar da shi jari a lasifika: sau tari daga fata ya faɗa kwalbar. Sannan samun ƙwaya a fitsarin wanda ba ya jin komai ba ciwo ba ne. Mai juna biyu da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari kaɗai ake yi wa magani a irin wannan hali. Tsohuwar da fitsarinta ya yi wari don ba ta shan ruwa sosai, ruwa take buƙata.

Idan ciwon ya tsaya a mafitsara, akwai maganin da aka raina saboda tsufa da araha: nitrofurantoin. Miligiram 100 sau biyu a rana na kwana biyar idan mai narkewa a hankali ne, ko 50 sau huɗu, tare da abinci. Yana taruwa a fitsari, kuma har yanzu yana cin E. coli da yawa masu ESBL. Sai dai yana da iyaka da dole a sani. Ba ya isa naman ƙoda, ba ya cin Proteus, ba a ba mai raunin ƙoda ko mai cikin da ya kusa haihuwa, kuma yana iya farfasa jinin mai ƙarancin G6PD (sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), ƙarancin da ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Fosfomycin, garin giram uku da ake kaɗawa a ruwa a sha sau ɗaya, shi ma yana aiki inda ake samunsa. Cipro kuwa, tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce a daina ba da shi a ciwon mafitsara mai sauƙi muddin akwai wani zaɓi. In ma ya zama dole, madara da maganin ƙarin jini da maganin olsa mai alli suna hana shi shiga jiki, sai an ba da tazarar awanni.

Labari na sauyawa da zarar zazzaɓi da rawar sanyi da amai suka shigo. Ciwon ya hau ƙoda, yana iya tsallakawa cikin jini, wannan na gadon asibiti ne. Idan kalca ta nuna ESBL, ƙara yawan ceftriaxone ɓata lokaci ne. Amikacin, miligiram 15 kan kowane kilo sau ɗaya a rana, yana yawan ci, amma yana iya lalata ƙoda ya kuma jawo kurumta, sai da gwajin ƙoda kafin a fara da kuma ana cikin yi. Ga wanda jikinsa ya yi tsanani, meropenem ne abin dogaro, kuma saboda haka ne bai kamata a taɓa shi a kan raɗaɗin fitsari kawai ba. In zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana uku a kan maganin da ya dace, a ɗauki hoton ciki. Tsakuwar da ta toshe hanya ko ruɓa da ta taru a ƙoda ba ta jin allura sai an buɗe mata hanya.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin kalca, kuma ƙauyuka da yawa ba su da lab. Gaskiya ne, ba ma musu. Amma a lissafa kuɗin zagaye uku na magani da allura da kuɗin mota, a kwatanta da gwaji ɗaya. Ga ƙauyukan kuma, manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna shuka fitsari kullum. Su riƙa tattara sakamakon duk shekara, su fitar da shafi ɗaya da ke nuna kashi nawa na E. coli ke bijire wa kowane magani, a raba wa ƙananan asibitoci da masu kemis. Ƙa'idar da likitoci suka sani ita ce, idan bijirewa ga Septrin ta haura kashi 20 cikin 100 a yanki, ba a ba da shi sai da gwaji. Ma'aikacin lafiya a karkara ba zai iya bin wannan ƙa'ida ba sai an sanar da shi adadin yankinsa.