Agogon hannuna ya ce lafiyata ƙalau, na'urar asibiti ta ce 162

Shekara biyu da suka wuce na sayi irin agogon nan da ake haɗawa da waya. Mai shagon ya ce yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya da barci da hawan jini, har da suga. Ban tsaya dogon ciniki ba na biya, don a lokacin kaina ya ɗau zafi da bidiyoyin masu koyar da yadda mutum zai gyara rayuwarsa: tashi ƙarfe biyar, wanka da ruwan sanyi, taku dubu goma, manhaja ta tsara maka yini tun daga farkawa har kwanciya. Aikina na kwamfuta ne, lissafi nake yi wa ƙananan 'yan kasuwa a nan Kano, zama ne tun hantsi har dare. Kuma na daɗe ina jin jikina ba daidai ba. Ciwon kai ta ƙeya, kasala bayan Azahar, aikin awa ɗaya ya cinye min uku. Amma duk sanda na duba agogo sai ya nuna min 120 bisa 80 ko kusa da haka, sai in ce gajiya ce.

Ranar da na raka Hajiyarmu asibiti, ma'aikaciyar jinya ta gama auna ta, sai ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma miƙo hannunka mana." Na ce ai ni agogona yana auna ni kullum. Ta ce, "Miƙo dai." Na'ura ta nuna 162 bisa 104. Ta ce in zauna in huta, ta sake gwadawa, bai sauka da wani abin kirki ba. A daidai wannan lokacin agogon da ke ɗaya hannun yana nuna 118 bisa 79. Da na koma gida na kwance shi na ɗaura a ƙafar kujera, ita ma ya ba ta lambobinta, har da bugun zuciya. Jikina ya yi sanyi. Wata bakwai ke nan ina yawo da cutar da ke shanye wa mutum ɓarin jiki, abin da na saya don ya tsare ni kuma shi ne yake lallaɓa ni.

Kada a fahimce ni a baibai, ban dawo ina faɗa da fasaha ba. Har yau da ita nake kula da kaina, kuma ta amfane ni ƙwarai. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne mun bar jaki muna dukan taiki. Duk lambar da na'ura za ta ba ka, idan ba za ta canza abin da za ka yi gobe ba, ado ce kawai. Idan kuma lambar ƙarya ce, ta fi rashin awon illa, domin wanda bai auna ba yana iya jin tsoro ya je asibiti, wanda aka yi wa ƙarya kuwa ya miƙe ƙafa.

A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi mutane kada su dogara da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da an huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Ku duba hannun 'yan'uwanku masu ciwon suga, ku ga nawa ne ke ɗaure da irinsa suna lissafin abin da za su ci da shi. Ko agogunan manyan kamfanoni ma akwai inda ƙarfinsu ya tsaya. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada guda bakwai. Wajen bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, amma wajen lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowanne daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshensu kuwa da kashi 93. Ban ce babu masu amfani ba, akwai agogunan da ke iya gano tangarɗar bugun zuciya. Amma ba su ne ake zubewa a faranti a kasuwar waya ba.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Mu nan ba ma buƙatar a kawo mana alƙaluma daga Geneva, inda hedikwatar hukumar take. Kowa ya san gidan da aka ce "lafiya lau ya kwanta", ko "yana cikin alwala ya yanke jiki ya faɗi". Kowa ya san wanda ake haɗa wa kuɗin wankin ƙoda. Shi hawan jini ba ya sallama, kuma yawancin masu shi babu abin da suke ji.

Abin da ya juya min rayuwa na'urar awon jini ce ta damtse, mai batir, irin wadda ake samu a manyan kantunan magani, da littafin rubutu na 'yan firamare. Likita ya koya min yadda ake yi, kuma zan faɗa a nan domin da yawa masu na'urar ba daidai suke amfani da ita ba. Ka zauna minti biyar shiru, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai saitin zuciya. Kada ka sha shayi ko ka ci goro ko ka sha taba rabin awa kafin nan. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, har kwana bakwai, ka rubuta. A asibiti daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, a gida kuwa tun daga 135 bisa 85 ake fara damuwa. Mai kaurin damtse ya nemi babban maɗauri, in ba haka ba na'urar za ta ƙara masa lamba. Littafin nan nake kai wa likita, da shi ya daidaita min magani har sau biyu. Ƙararrawar waya kuma na saita ta bayan sallar Asuba don kada in manta ƙwaya. A duk abin da wayar nan ke yi min, ban ga wanda ya kai wannan 'yar ƙarar daraja ba.

Littafin ne kuma ya kawo maganar gishiri gidanmu. Hukumar Lafiya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi da yajin tsire da taliyar yara. Uwargida da farko ta ce, "Haba maigida, so kake a ce ban iya miya ba?" Da na nuna mata lambobin sati biyu a jere, ita da kanta ta rage, ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Baki ya saba cikin 'yan makonni.

Taku dubu goma kuwa, ni dai na ɗauka wata ƙa'ida ce ta likitoci. Ashe asalinta talla ce. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, lambar ta bi duniya. A 2019 wani bincike na jami'ar Harvard a kan mata tsofaffi sama da dubu 16 ya nuna masu taku wajen 4,400 a yini sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma ribar tana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ta daidaita. Wannan ya sauke min nauyi. Da can idan dare ya yi na ga dubu biyar sai in ji na faɗi jarrabawa, washegari in watsar gaba ɗaya. Yanzu wayar da ke aljihuna ce ke ƙirgawa, kyauta. Ina sauka daga adaidaita sahu kafin a kai layinmu, La'asar kuma ina zuwa masallacin da ya fi nisa. Minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri shi ne mafi ƙarancin abin da ake so, wato rabin awa sau biyar. Kuma don Allah maza mu tuna da matanmu. Aikin gida yana gajiyarwa, amma yawancinsa a tsaye ko a tsugune wuri ɗaya ake yinsa. Mai hali ya riƙa fita da iyalinsa tattaki bayan Magariba, babu abin kunya a ciki.

Akwai wani Ba'amurke, Bryan Johnson, da ya sayar da kamfaninsa dala miliyan 800 a 2013, yanzu yake kashe wajen dala miliyan 2 duk shekara don ya hana jikinsa tsufa. Har ruwan jinin ɗansa aka ɗura masa a 2023, daga baya ya ce bai ga amfaninsa ba ya daina. Matasanmu suna kallon irinsu suna jin an bar su a baya. Kuɗinsa ne, jikinsa ne. Abin da ke tayar min da hankali shi ne namu salon na nan gida: lebura da ɗan acaɓa da direban dare suna haɗiyar tiramadol don su daɗe suna aiki, ɗan ofis da ɗalibi suna ɗura lemon ƙarin kuzari gwangwani biyu uku. Tunanin duk ɗaya ne, a matse jiki ya ba da abin da ba shi da shi. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, lallai jikinka yana da haƙƙi a kanka. Idan a kan ibada aka faɗi haka, ina ga neman kuɗi?

Ta ɓangaren aiki ma wayar ce ta tona min asiri. A cikin saitin kowace waya ta zamani akwai wurin da ke nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja. Da na buɗe nawa na ga sama da awa shida a yini, rabi a WhatsApp: guruf na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na masallaci, kowanne da sanarwar biki da ta'aziyya da muryar minti tara. Wata mai bincike a jami'ar Kalifoniya, Gloria Mark, ta auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya juya. A 2004 minti biyu da rabi ne, a 'yan shekarun nan ya koma daƙiƙa 47. Mai lissafin kuɗin mutane da hankalinsa ke tsinkewa duk bayan daƙiƙa 47, kuskure zai yi, kuma na yi. Na taɓa tsallake layi guda a lissafin wani bawan Allah, sai da na kwana biyu ina neman inda kuɗin suka shiga.

Na gwada manhajojin tsara aiki har huɗu, kowacce ta zama wani sabon aikin. Na gwada dabarar nan ta ɗan Italiya Francesco Cirillo, aiki minti 25 hutu minti 5, ta taimaka min wajen fara abin da nake gudu, har yanzu nakan yi ta. Amma abin da ya zauna shi ne na kashe ƙarar duk wata sanarwa, na sa layin da iyali da masu ba ni aiki ke kira a ƙaramar waya mai tocila, babbar kuma tana cikin durowa daga bayan Asuba zuwa ƙarfe goma. A wannan tsakanin nake yin aiki mai cin ƙwaƙwalwa. Saƙonni sai bayan Azahar da bayan La'asar. Wasu sun ji haushi, wani yayana har ya ce na fara girman kai. Na ce masa, "Yaya, in da gaggawa ka kira ni, wallahi zan ɗauka." Yanzu kiran yake yi, kuma mun fi gaisawa da kyau fiye da da.

Barci ne ya fi ba ni wuya, saboda sau da yawa sai dare ake kawo wuta, mutum ya ga kamar asara ce ya kwanta. Sai da na haƙura na mayar da daren na caji kawai: kwamfuta da fawa banki su cika, ni in kwanta, aikin ya jira Asuba. Babba yana buƙatar awa bakwai. Shayin bayan Isha'i ma na bar shi, domin sinadarin da ke hana barci a shayi da goro yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Ƙailula nake yi ta minti ashirin, da ƙararrawa don kada ta zarce. Ba na auna barcin da komai. A 2017 wasu likitocin barci a Chicago sun ba da rahoton marasa lafiyar da damuwa da makin da agogo ke ba barcinsu ta hana su barcin kansa, kuma na ɗanɗana hakan. Idan na kai Azahar ban yi hamma a gaban kwamfuta ba, na san na yi barci.

Na san akwai masu cewa gara ba su sani ba, wai sanin ne ke kwantar da mutum, kuma rai a hannun Allah yake. Haka ne, a hannunsa yake. Amma waɗannan mutanen su ne ba sa hawa hanyar Kaduna sai sun duba mai da taya da ruwan lagireto. Satin da ya wuce na ɗauki na'urar na kai majalisarmu bayan La'asar. Mu tara ne. Biyu suka ƙi miƙo hannu. A cikin bakwai ɗin da suka yarda, uku sun haura 140, ɗaya ma ya kai 170, kuma shi ne ya fi kowa cewa bai taɓa kwanciya a asibiti ba. Na gaya musu awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai likita ya tabbatar. Biyu sun riga sun je. Na ukun, mai 170 ɗin, ya ce sai ya dawo daga kasuwar Dawanau ranar Litinin. Na ce masa ƙarfe takwas na safe ina ƙofar gidansa da mashin, kasuwar ta jira.